Sha'aban Mai Rijiya da Garin da Ke Ƙarƙashin Gonaki

A Tudun Badaru, wani ƙauye da ke ƙasar Sandamu, idan ka tambayi gidan Malam Sha'aban sai an ce maka wanne daga ciki. Amma idan ka ce Sha'aban Mai Rijiya, ko tsohuwar da ta daina fita za ta kwatanta maka. Shekara talatin da wani abu ya yi yana haƙar rijiya a ƙasar Daura, tun daga Dutsi har Babban Mutum, kuma da wuya ka wuce ƙauye uku a tsakani ba ka sha ruwan da shi ya fito da shi ba.

Ba a wajen ubansa ya gaji sana'ar ba, don uban manomi ne da bai taɓa leƙa rijiya ba sai da guga a hannu. Kawunsa Mainasara ne ya ɗauke shi bayan ya yi saukar Alƙur'ani, yana da shekara goma sha bakwai. Mainasara mutum ne marar yawan magana, koyarwarsa duk a hannu take. Sai ya damƙo ƙasa daga bokiti ya miƙa wa Sha'aban, ya ce ya murza, ya shinshina, ya faɗa masa ko mece ce. Da haka ya san rairayi da jar ƙasa, ya san marmara da tsakuwa, ya san farar lakar nan mai sanyi wadda in an kai gare ta mai haƙa kan fara murmushi, don ruwa ya yi kusa. Ya koyi zura fitila cikin rami kafin a shiga, in ta mutu a dakata.

A rijiyarsa ta huɗu ne, wajen gaba biyu a ƙasa, diga ta fito masa da tsingaro, wato fasasshen kaskon tukunya, mai zane kamar an danna igiya a jikinsa tun yana ɗanye. Ya ɗaga kai ya kira kawunsa da ke bakin ramin.

"Kawu, wa ya fasa tukunya a nan ƙasa?"

"Mutanen da."

"Waɗanne mutanen da?"

"Kai dai cika bokiti, rana tana yi."

Ya cika bokiti, amma tambayar ba ta bar shi ba. Tun daga ranar, duk rijiyar da ya haƙa sai ya riƙe a kansa abin da ya gani da zurfin da ya gan shi. A wata ya ci karo da toka da gawayi shimfiɗe kamar tsohon murhu. A wata dutsen niƙa ne, ya lotsa a tsakiya don aiki. A wata kuma kashin maƙera ne jibge, wato ragowar narka ƙarfe, baƙi mai nauyi. Wasu rijiyoyin ko ƙyallin komai babu, ƙasa ce zalla har ruwa. Bai san abin da zai yi da wannan sani ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

A ranin da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina, mutanen Tudun Badaru suka yi aikin gayya suka gina makarantar Islamiyya a bayan gari, suka ce Sha'aban ya yi mata rijiya. Lokacin Mainasara ya rasu, shi ne babba a aikin. Rana ta biyar, da hantsi, a gaba uku, digarsa ta shiga wani wuri mai taushi. Ya ajiye ta ya sa hannu. Ƙashin mutum ne. An binne shi a naɗe, gwiwoyi a ƙirji, fuskarsa ba ta kallon alƙibla. A wuyansa akwai duwatsun ado, shuɗɗa kamar an tsoma su a baban rini, a hannunsa kuma munduwar tagulla da ta yi kore.

Kafin azahar rabin gari ya taru a bakin ramin. Lokaci ne da kowa ke ji da addini, magana kuwa ta yi zafi. Wasu suka ce kabarin arne ne, a kwashe a zubar a ci gaba da aiki. Wasu suka ce wurin aljanu ne, a tashi makarantar ma gaba ɗaya. Aka kira liman, Malam Maharazu, tsoho mai sanyin murya. Ya tsuguna ya daɗe yana leƙa ramin, sannan ya ce:

"Sha'aban, ka ɗauki wani abu?"

"Allah gafarta Malam, ban ɗauki komai ba."

"To, mayar masa da ƙasarsa kamar yadda ka same shi. Ba mu san ko wane ne ba, ba mu san abin da ya iso masa na saƙo ba. Allah ya san shi. Ɗan Adam ne, kuma ba mu muka binne shi ba, balle mu tone shi. A matsa da rijiyar gaba."

Da mutane suka watse, liman ya riƙe hannun Sha'aban ya ce kada ya sa wa wurin alama, kada kuma ya nuna wa kowa daidai inda yake in an manta. Sha'aban ya yi alkawari. Ya cike ramin da hannunsa, ya haƙa wata rijiyar can gefe, ruwa ya fito garau. Cikin 'yan shekaru aka shuka gero a kan wurin, mutane suka manta. Shi kaɗai ne in ya bi ta nan yakan rage tafiya.

Daga nan zamani ya juya masa baya. Motocin haƙar burtsatse suka shigo, abin da yake yi a wata guda su yi shi a kwana biyu. Gwiwoyinsa ma suka fara ciwo, hawa igiya ya gagara. Ya jingine diga a bayan rumbu ya koma gonarsa ta gero da wake, da 'yan tumaki da matarsa Kande ke kula da su. Ba ya ƙorafi, amma Kande ta lura in an yi hirar rijiya a gabansa sai ya tashi ya ce zai duba dabbobi.

'Yarsu ta uku, Fadila, ita ce ta yi karatun boko mai nisa, har ta zama malamar firamare a Sandamu. Wani hutu ta zo gida da waya mai babbar fuska ta ba shi, ta ce ya riƙa sauraron karatu a ciki. Suna zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gida da la'asar, ta ce:

"Baba, bari in nuna maka gonarka daga sama."

Ta buɗe taswirar nan ta hoton tauraron ɗan'adam, ta sa yatsu biyu ta buɗa ta har Tudun Badaru ya fito, rufin kwano yana ƙyalli. Ya ga masallaci, ya ga hanyar Sandamu, ya ga gonarsa da kukar da ke tsakiyarta, ya yi dariya ya ce ashe kukar nan daga sama kamar tabarma take. Sai dariyar ta tsaya. Ya gyara tabarau ya matso da wayar.

"Wannan fa? Wannan layin da ya zagayo?"

"Wane layi, Baba? Ai iyakar gonaki ce."

"Iyakar gona ba ta yin baka haka. Rage shi in gani."

Da ta rage hoton, sai ga shi sarai. Wani zobe ne babba, mai duhu-duhu, ya taso daga bayan Islamiyya, ya ratsa gonaki wajen ashirin, ya bi ta gefen fadama ya dawo. Garin na yanzu ma a gefensa yake, bai kai rabin girmansa ba. Washegari da sassafe Sha'aban ya ɗauki sanda ya bi layin da ƙafa, wayar a hannu. A ƙasa ba a ganin komai sai ɗan tudu-tudu da bai kai gwiwa ba, wanda ya yi shekara sittin yana takawa bai taɓa kawo komai a ransa ba. A wani wuri ya tsaya ya tona da sanda, ya murza ƙasar. Jar ƙasa ce da aka kwaɓa, ba irin ta wurin ba. Hannun mutum ne ya kawo ta. Ganuwa ce.

Kafin hutun ya ƙare sai da Fadila ta koya masa sa alama a taswira. Ya zauna yana tuno rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya haƙa a garin da gonakinsa, goma sha tara. Wadda ya samu tsingaro ko toka ya sa mata jan ɗigo, wadda ba komai ya sa mata fari. Da suka gama, jajayen nan duk suna cikin zoben, fararen duk suna waje, sai guda ɗaya da ta ƙi bin tsari. Wuraren kashin maƙera kuwa sun taru a kusurwar arewa, kusa da juna.

"Unguwar maƙera ke nan," in ji shi a hankali. "Fadila, ashe duk shekarun nan a cikin gidajen mutane nake shiga."

Daga nan waya ta zama abokiyar zamansa. Fadila ta sa shi a wani zauren tattaunawa na masu son tarihin ƙasar Hausa, inda malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa ke musu dare da rana a kan wa ya riga wa kafuwa. Sha'aban bai iya rubutun boko sosai ba, sai ya riƙa tura saƙon murya. Da farko ba wanda ya kula shi. Wata rana wani ya turo hoto mai kyau, ya ce hoton wani birnin Hausa ne shekara ɗari bakwai da suka wuce, ga ganuwa ga kasuwa ga mata a bakin rijiya. Mutane suka yi ta yabo. Sha'aban ya daɗe yana buɗa hoton, sannan ya yi sallama ya ce shi dai bai san tarihi ba, amma rijiyar da ke cikin hoton nan bakinta na siminti ne, kuma an haƙa ta a kan tudun da ko gaba arba'in aka yi ba za a samu ruwa ba. Ashe na'ura ce ta haɗa hoton. Aka yi ta dariya, daga ranar aka fara kiransa Baba Mai Rijiya ana tambayarsa.

A zauren ne ya haɗu da Dakta Asma'u, wata malamar jami'a mai binciken tsofaffin garuruwa ta hanyar tono. Ita ta fara turo masa shafukan gidajen adana kayan tarihi, inda ake sa hoton kowane abu da bayaninsa. Bayanan da Turanci suke, wasu da Faransanci. In Fadila ba ta nan sai ya sa manhajar fassara, ita kuwa ta yi ta kawo masa Hausa mai ban dariya, wata rana har ta kira tukunyar girki jirgin ruwa. Amma hoto ba ya buƙatar fassara. Ya ga tsingaro mai zanen igiya irin nasa. Ya ga munduwa. Rannan kuma ya ci karo da duwatsun wuya shuɗɗa, aka ce na gilashi ne, irin waɗanda fatake ke yawo da su tsakanin garuruwa a zamanin ayarin raƙuma. Ya ajiye wayar a cinya, Kande ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya lau, wani ya tuna.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tsofaffin littattafan hannu da ɗakunan karatu na ƙasashen waje suka ɗauki hotonsu suka sa a intanet, kowa ya karanta kyauta. Da Fadila ta buɗe masa ɗaya, ta ce ita ba ta gane wannan rubutun ba, ya karkace da yawa. Shi kuwa ya duba sai ya ga rubutun allonsu ne, irin wanda ya tashi da shi, harafin fa'un da ɗigonsa a ƙasa. Larabcinsa ba mai zurfi ba ne, amma yana iya bin layi ya tsinci sunayen garuruwa da na mutane. Damina biyu ya yi yana wannan aiki, in ya dawo daga gona ya yi wanka sai ya zauna da tabarau, shafi bayan shafi, yana neman ko wani matafiyi ko malami ya ambaci gari mai ganuwa a wannan yanki. Ya ga sunayen manyan birane, ya ga na sarakuna da na malamai. Na garinsa bai gani ba.

Ya faɗa wa Dakta Asma'u haka, muryarsa a sanyaye. Ta amsa masa da cewa, "Baba, yawancin garuruwan da aka yi a duniya ba wanda ya rubuta sunansu. Masu rubutu inda sarki yake suke zuwa. Irin garinka sai dai a tambayi ƙasa, kai kuwa ka riga mu tambayarta."

Murna ta sa ya yi abin da ya zo yana nadama. Ya tura taswirarsa cikin zauren, da ɗigoginta duka, kuma a cikin bayani bakinsa ya suɓuce ya ambaci kabarin da duwatsun wuya. Bai faɗi wurin ba, amma ya faɗi garin. Bayan mako biyu wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Mai ita ya ce sunansa Alhaji Kabo, ya ce shi ma mai son tarihi ne, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya sauke buhun shinkafa a zaure. Sannan ya ce yana da mutane masu sha'awar irin waɗannan kaya, in Baba zai nuna masa wurin, ba zai ƙara shiga gona ba har ƙarshen rayuwarsa.

"Alhaji, na tsufa, na manta wurin."

"Haba Baba, mutumin da ya tuna rijiya goma sha tara?"

Sha'aban ya ji kunyar ƙaryar da ya yi. Ya ɗago ya dube shi.

"Gaskiya ne, ban manta ba. Amma na yi wa wani alkawari, kuma ya rasu, ba ni da wanda zan je in ce ya warware mini. Ɗauki shinkafarka, Allah ya kiyaye hanya."

Motar na tashi ya tafi wajen mai gari ya kwashe labari duka ya faɗa masa, har da laifinsa. Mai gari ya tara masu gonakin da ke cikin zoben, aka yi magana cewa duk baƙon da aka gani da diga a gonar wani a kawo rahoto. Duk da haka, ranar wata kasuwar Sandamu da gari ya yi shiru, aka tarar an yi ramuka uku a gonar wani maƙwabcinsa, an watsar da tsingaro a kan ƙasa. Ba su dace da kabarin ba, sun yi nisa da shi ƙwarai. Sha'aban ya tsaya a bakin ramukan yana duban yadda aka cakuɗa toka da jar ƙasa da rairayi, abin da ya yi ɗaruruwan shekaru a jere aka hargitsa shi a wuni ɗaya. Ya cire taswirar daga zauren, amma ya san ta riga ta shiga wayoyin da ba zai taɓa gani ba. Ya yi wata guda bai buɗe wayar ba sai don kira.

Dakta Asma'u ce ta dawo da shi. Ta zo da rani, da takardar izini daga hukuma da ta fada, da ɗalibanta mata biyu da namiji ɗaya. Suka yi kwana goma sha biyu suna auna ganuwar. Suka yanka ɗan rami mai kusurwa huɗu a gefenta, suna kankare ƙasa da ɗan cokalin magina, abin da ya sa Sha'aban ya ce in da haka yake haƙa da har yau yana rijiyarsa ta farko. Amma shi ne ke zaune a bakin ramin yana cewa, nan ƙasa za ta canza, saura taƙi ɗaya ku kai toka, kuma haka ake samu. Ta tambaye shi kabarin sau ɗaya. Ya faɗa mata maganar liman. Ta ce, "To Baba, a bar shi," ba ta sake tayarwa ba.

Ta tafi da ɗan gawayi daga ƙarƙashin ganuwar a cikin leda, ta ce akwai inda ake auna shekarunsa. Sai bayan wata bakwai saƙonta ya zo, yana cikin yankan gero. Ta ce itacen da ya zama gawayin nan an sare shi wajen shekara ɗari shida zuwa ɗari bakwai da suka wuce. Ya saurari saƙon sau uku a tsaye a tsakiyar gona. Ya gwada lissafa kakanni, ya kai na biyar ya tsaya, don daga nan ba ya da sunan kowa. Ko jikokinsu ne mutanen Tudun Badaru, ko kuwa wasu ne dabam da yunwa ko yaƙi ko ƙafewar ruwa ta tasa, ita ma Dakta ta ce ba ta sani ba tukuna.

Da labari ya bazu, wasu samarin gari suka so a raɗa wa kufan suna mai daɗi, a ce wani jarumi ne ya kafa shi, a sa a intanet don garin ya yi suna. Suka zo wajensa ya sa musu baki. Ya ce shi abin da ya sani shi ne an yi ganuwa, an yi maƙera, an yi girki, an binne mutane. Wanda ya san fiye da haka ya kawo shaida. Ba su ji daɗi ba, wasu har yau suna cewa tsohon nan ya hana gari ci gaba.

Yanzu Sha'aban ya haura saba'in. Idonsa ya rage, karatun littattafan hannu sai da rana tsaka. Shi da Fadila suna wata taswirar, wadda ba a tura wa kowa sai Dakta, ta duk rijiyoyin da ya haƙa a ƙasar Daura, kowace da saƙon muryarsa yana faɗin abin da ya gani gaba bayan gaba. Sun wuce ɗari, da saura.

Kwanan baya wani tsoho ya kira shi daga Babban Mutum, ya ce sunansa Audi, shi ma mai haƙar rijiya ne da ya ajiye aiki. Ya ce ya ji labarinsa a bakin wani malamin makaranta, kuma shi ma akwai abubuwan da ya gani a ƙasa wajen iyaka, shekara arba'in bai samu wanda zai faɗa wa ba. Ranar kasuwa Sha'aban ya sa wayarsa a caji tun da safe, ya sa Kande ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli na tsaraba, ya shiga motar Baure da za ta kai shi Babban Mutum. A hanya yana ta tunanin ta inda zai fara tambayarsa, daga ƙarshe ya yanke cewa zai bar shi ya fara da rijiyarsa ta farko.